Hukuncin Caca Ɗaya Ne, Amma Ƙofofin Shigarta Da Yawa: Darasi Daga Sharaɗa, Challawa Da Bompai

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta mana ciniki da sana'a, Ya haramta mana cin dukiyar juna da ɓarna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar wani kamfani a Sharaɗa da yammacin ranar biyan kuɗi, ya san yadda wurin yake cika. Mai abinci tana zaune da littafin bashinta a cinya, mai shayi ya baro teburinsa ya matso kusa, mai tara adashe yana ƙirga sunaye, kowa yana jiran kasonsa daga gumin ma'aikaci. Waɗannan duk masu haƙƙi ne, kuma ana ganinsu. Amma a 'yan shekarun nan an sami wani mai karɓar kaso wanda ba ya zama a kan benci, ba ya riƙe littafi, ba ya yi wa kowa magiya. Yana cikin aljihun ma'aikacin, a cikin wayarsa. Kafin mutum ya sauka daga adaidaita sahu a Ja'en ko Panshekara ko Dakata, wani lokaci ya riga ya miƙa masa abin da ya kwana shida yana tsaye a gaban inji kafin ya samu.

Babu saɓani tsakanin malamai game da haramcin caca, kuma ban zo don in sake kafa hujja a kan abin da ɗan Islamiyya ma ya sani ba. Tambayata ita ce: tunda kowa ya san haramun ce, me ya sa mutumin da yake sallah a sahun gaba a masallacin kamfani yake komawa gare ta? Abin da nake gani shi ne, mun daɗe muna yi wa 'yan caca kuɗin goro, muna ba su magani iri ɗaya, alhali ba ciwo ɗaya ya kwantar da su ba.

Inda ake gumi, nan ake farauta

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, tun zamanin da gyaɗa take tashe. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, da masaƙu da kamfanonin jimar fata da na roba da na kayan abinci. Dattawa suna tuna lokacin da samun aiki a kamfani yake nufin mutum ya tsaya da ƙafafunsa: zai yi aure, ya riƙe gida, ya sayi keke ko babur. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa matsalar lantarki da kwararowar kayan waje, masana'antu da dama sun rufe, waɗanda suka rage kuma da yawansu sun dogara da ma'aikatan wucin gadi, masu karɓar kuɗin yini ko na sati. Sai aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ƙara kuɗin lantarki ga manyan masu amfani da shi a Afrilun 2024. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a shekarar 2024, farashin masara da shinkafa da kuɗin mota ya riga ya yi gaba.

A wannan yanayi ne cacar ƙwallo ta sami gindin zama. Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta rufe shagunan caca da dama a watan Oktoba na 2024. A watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, abin da ya ƙara wa Kano ƙarfin aiwatar da dokarta. Wannan aiki ne abin yabo, domin kawar da ɓarna daga idon jama'a wajibi ne a kan mai iko. Sai dai kwaɗo yana rufe shago ne kawai. Shagon da yake cikin waya a buɗe yake dare da rana, a ɗakin kwana da bakin inji, har da harabar masallaci. Wanda zai rufe wannan shagon sai mai wayar da kansa, kuma ba zai iya ba sai ya gane abin da yake jan sa.

Abin da Alƙur'ani ya fara nuna mana

Yana da kyau ɗalibi ya lura da yadda Alƙur'ani ya bi da wannan mas'ala. A aya ta 219 ta Suratul Baƙara, Allah Ya haɗa giya da caca a amsa guda, Ya tabbatar da cewa akwai wani amfani da mutane suke gani a cikinsu, sannan Ya bayyana cewa zunubinsu ya rinjayi amfanin. A aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida kuma aka yanke hukunci, aka yi umarni da nisantarsu, aka ambaci abin da Shaiɗan yake nema da su: jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da sallah.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, Alƙur'ani bai yi musun cewa ɗan caca yana samun wani abu ba. Mai wa'azin da ya ce babu komai a cikinta sai asara, ɗan caca zai saurare shi cikin ladabi, amma a ransa ya san akwai daɗin da yake ji wanda malam bai ambata ba. Na biyu, an jera caca tare da abin da yake gusar da hankali, alhali ba a shan ta, ba a haɗiye ta. Sai a shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da cutar caca cikin rukunin jarabar shaye-shaye a kundinta, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya ta a rukunin jaraba a sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022.

Malaman tafsiri sun ba mu siffar cacar Larabawan Jahiliyya. Mutum goma za su sayi raƙumi bashi, a yanka, a zuba kibau goma a jaka. Bakwai suna da rabo, uku babu komai, kuma waɗanda suka zari ukun su ne za su biya kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci sau da yawa ba sa ma cin naman, sai su rabar ga matalauta don a yabe su, wanda ya ƙi shiga kuma a yi masa gorin rowa. Ashe tun a wancan zamani ba kwaɗayin nama kaɗai yake kai mutum ba. Akwai neman suna, akwai tsoron gori. An kuma ruwaito daga Ƙatada cewa mutum yakan yi cacar dukiyarsa da iyalinsa, ya koma gefe yana kallon abinsa a hannun wani, zuciyarsa cike da baƙin ciki da ƙiyayya.

Ƙugiyoyi uku da suke riƙe zuciya

Kafin mu zo ga nau'o'in mutanen, mu dubi tarkon da kansa. Ƙugiya ta farko ita ce rashin tabbas. Wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya yi gwaji da tantabaru a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Tantabarar da take samun tsaba duk lokacin da ta caki maɓalli, idan aka daina ba ta, nan da nan take haƙura. Wadda kuwa ake ba ta jefi-jefi, ba ta san yaushe tsabar za ta faɗo ba, ita ce take ta caka ba ji ba gani ko bayan an daina. Albashi yana zuwa ne a ranar da aka sani, shi ya sa ba ya sa zuciya bugawa. Caca kuwa an gina ta a kan wataƙila, kuma wataƙila ba ta ƙarewa.

Ƙugiya ta biyu ita ce saura ƙiris. A ɗauka mutum ya haɗa wasanni goma a tikiti ɗaya, kowane wasa kuma damar cinkarsa daidai rabi da rabi ce. Damar ya dace a duka goman ita ce ɗaya cikin 1,024. Amma damar ya dace a tara, ɗaya ya ɓata masa tikitin, goma ce cikin 1,024. Wato zai ga saura ɗaya sau goma kafin ya ga ci sau ɗaya. Shi yana ɗauka alama ce ta ya kusa, alhali haka lissafin yake tun asali, kuma wanda ya dace a tara da wanda bai dace a ko ɗaya ba, asararsu ɗaya. Wani bincike da Luke Clark da abokan aikinsa suka wallafa daga Jami'ar Kambirij a 2009 ya nuna cewa irin wannan kuskurewa da ƙiris tana motsa sassan ƙwaƙwalwar da cin kansa yake motsawa, tana kuma ƙara sha'awar sake bugawa. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Ƙugiya ta uku ita ce zafin asara. Masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana a 1979 cewa raɗaɗin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa ƙarfi a zuciyar ɗan'adam, kuma mutumin da yake fuskantar asara ya fi saurin yin kasada don ya kauce mata. Wannan ne ya sa wanda aka cinye wa dubu biyu yake zuba dubu biyar, wanda aka cinye wa kuɗin cefane yake ɗauko kuɗin haya. Bahaushe ya riga ya faɗa: garin neman gira a rasa ido.

Ƙofofi biyar

A shekarar 2002 wasu masana biyu, Alex Blaszczynski da Lia Nower, suka kasa masu matsalar caca gida uku: waɗanda sabo da muhalli suka jefa su alhali lafiyarsu ƙalau, da waɗanda suka shigo da wani ciwo a zuciya, da waɗanda tun asali suke da gaggawa da rashin iya kame kai. Idan muka ɗora wannan rabo a kan abin da muke gani a unguwanninmu, za mu iya fitar da mutum biyar. Ukun farko suna cikin gida na ɗaya.

Na farko shi ne ɗan rakiya. Yaro ne da ya baro ƙauye ko ya gama sakandare, ya sami aikin ɗaukar kaya ko shirya kwalaye a Bompai. A lokacin hutun cin abinci ya tarar hirar abokan aiki duk a kan tikiti take. A gidan kallon ƙwallo ma haka. Ya sa naira ɗari don kada a ce masa baƙauye. Abin da yake saye da ɗarin nan shi ne wurin zama a cikin majalisa. Wannan shi ne jikan wanda ya ji tsoron gorin Jahiliyya. Shi ya fi kowa sauƙin ceto, kuma shi aka fi sakaci da shi, domin kuɗin da yake sawa kaɗan ne. Babbar musibarsa ita ce ya ci a karon farko.

Na biyu shi ne mai ji da gwaninta. Ya san 'yan wasan Firimiya da na Laliga fiye da yadda ya san sunayen maƙwabtansa. Ya san wanda ya ji rauni da wanda aka ba jan kati. Idan ka ce masa caca yake yi, sai ya ce a'a, shi nazari yake yi, ilimi ne. A wurin aiki shi lamba ce kawai a cikin rajista, babu mai tambayar ra'ayinsa; a fagen ƙwallo kuwa ana kiransa malam, ana roƙonsa ya ba da wasa. Masana suna kiran wannan ruɗin iko, wato mutum ya ɗauka yana da hannu a abin da ba shi da hannu a ciki. Ya manta cewa kamfanin yana da ma'aikata da na'urorin lissafi waɗanda suka san duk abin da ya sani, kuma sun cire ribarsu tun kafin a busa usur. A ɗauka kamfani yana cire kashi 5 cikin ɗari a kowane wasa. Idan aka haɗa wasa goma, abin da yake rage masa ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da aka zuba. Irin wannan mutum yana tuna ranar da ya ci har da sa'arta, amma bai taɓa rubuta abin da aka cinye masa ba. Ɗalibai da yawa a manyan makarantunmu suna cikin wannan rukuni.

Na uku shi ne mai neman mafita. Magidanci ne mai 'ya'ya, kamili, ba ya shan komai, wataƙila ma ƙwallon ba ta dame shi ba. Ya zauna ya yi lissafi ya ga ko zai shekara ashirin a kamfanin jima a Challawa, ba zai sayi fili ba. Mai gidan haya ya ba shi wa'adi, matarsa ta kusa haihuwa, ƙanwarsa za a aurar. Sai ya ji labarin wani da ya sa ɗari biyu ya ci miliyan. Abin da wannan bawan Allah yake saye shi ne fata, na 'yan sa'o'i kaɗan. Shi ne kuma wanda tsarin MMM ya yaudara a 2016, shi ne wanda CBEX ya cinye a 2025, domin ƙofar ɗaya ce. Da zai zauna da biro zai ga cewa naira 500 a kullum ita ce naira 15,000 a wata, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi, kuma naira 182,500 ce a shekara. Jarin ƙaramar sana'a ke nan ga matarsa. Ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago.

Na huɗu shi ne mai gudun damuwa, kuma shi ne gida na biyu a rabon masanan. Wannan ba ya ba da labarin cacarsa a majalisa. Shi kaɗai yake yi, da tsakar dare, bayan ya tashi daga aikin dare barci ya ƙi zuwa, ko bayan rigima da iyali, ko bayan wani shugaba ya ci masa mutunci a gaban yara. Bai damu da wasan Asabar ba. Ya fi son wasannin na'ura masu ƙarewa cikin mintuna, ko wasan jirgin nan da yake tashi ya faɗi cikin daƙiƙoƙi. Wata mai bincike, Natasha Schüll, ta yi shekaru tana nazarin masu buga na'urorin caca a birnin Las Vegas na Amurka, ta tarar da yawansu ba cin ne burinsu ba. So suke su nutse cikin wani hali da za su manta da kansu da lokaci da matsalolinsu. Wannan shi ne maye ba tare da kwalba ba. A nan ne ake samun mata ma, a cikin gida, ba wanda ya sani. Idan ka tsananta wa irin wannan mutum da zagi da tonon silili, ka ƙara masa abin da yake gudu, sai ya ƙara nutsewa. Shi ne kuma aka fi ji wa tsoron yanke ƙauna da tunanin hallaka kansa idan bashi ya yi masa katutu.

Na biyar shi ne mai zafin kai. Tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya iya jira. Bai cika wata uku a kamfani ɗaya ba. Sau da yawa caca ɗaya ce daga cikin abubuwan da yake yi, tare da ƙwaya da faɗa da tuƙin ganganci. Shi bugun zuciyar yake nema, kuma ƙaramin kuɗi ya daina motsa shi. Shi ne ya fi saurin kai hannu ga kayan kamfani ko sarƙar mahaifiyarsa. Nasiha tana shiga kunnensa, ya yi kuka da gaske, gobe ya koma. Wannan yana buƙatar likita da tsayayyen mai kula da shi, tare da addu'a da wa'azi.

Ɗakin da ƙofofin suke haɗuwa

Ko ta wace ƙofa mutum ya shiga, idan ya daɗe, ɗaki ɗaya zai tarar: bin asara. A nan ɗan rakiya ya manta da abokai, gwani ya daina nazari, mai neman mafita ya daina mafarkin fili. Buri ya koma ɗaya, a dawo da abin da ya tafi. Daga nan sai ƙarya ta shigo: ba a biya mu ba, an yanke mana kuɗi, an sace mini waya. Sai cin bashi daga mai shago da abokin aiki da manhajojin ba da rance masu kuɗin ruwa, zunubi ya hau kan zunubi. Sai kwasar adashe da wuri a kasa zubi. Sai sallar La'asar ta wuce ana jiran a tashi daga wasa, ko a tsaya a sahu zuciya tana Ingila. Abin da aya ta ambata na gaba da ƙiyayya da kangewa daga sallah, ga shi nan a zahiri, kuma farkon wanda gabar take ci ita ce matar da aka bar ta da tukunya babu cefane. Hadisi ya tabbatar da cewa tozarta waɗanda ciyar da su yake wuyan mutum ya ishe shi zunubi.

Alamomin da iyali za su lura da su ba ɓoyayyu ba ne: ɓoye fuskar waya, fushi marar dalili a ranakun wasa, kuɗi su ɓace a ranar da aka karɓe su, kyauta mai yawa kwatsam sannan a shiga rance bayan kwana biyu, da yawan alƙawarin dainawa.

Kowane ciwo da maganinsa

Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yakan ba mutane amsa daban-daban a kan tambaya iri ɗaya, gwargwadon halin mai tambaya. Wannan ita ce sunnar da muke buƙata a nan.

Ɗan rakiya maganinsa sauya majalisa. A hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya haɗa masa da umarnin barin garinsa zuwa wurin mutanen kirki. A yau barin gari yana iya zama fita daga wani zauren WhatsApp. Kuma masu jan abokai su ji tsoron Allah: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca, an umarce shi ya yi sadaka saboda furucin kawai, ko da ba a buga ba.

Mai ji da gwaninta ba ya jin tsawa, amma yana jin lissafi. A roƙe shi ya buɗe tarihin asusunsa na wata shida, ya tara abin da ya shiga da abin da ya fita, da hannunsa. Sannan a nema wa basirarsa wurin da za a girmama ta, domin mai iya riƙe alƙaluman ƙungiya ashirin a ka zai iya riƙe littafin shago ko koyon gyaran inji.

Mai neman mafita yana buƙatar wata mafitar ta gaske. A nan nauyi yana kan masu kamfanoni da mawadata. Biyan haƙƙin ma'aikaci a kan lokaci, da tabbatar da wanda ya daɗe yana wucin gadi, da kafa asusun rance marar ruwa a cikin kamfani ko a masallacinsa, duk suna cikin yaƙi da caca. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa wanda ya ci bashi a kan saɓo ba a ba shi zakka don ya biya, sai idan ya tuba; wato idan tubansa ya bayyana, ƙofar a buɗe take. Ya kamata Hukumar Zakka da Hubusi da kwamitocin masallatai su dubi wannan babi. A kuma tuna masa cewa tawakkali yana tafiya ne da sababi na halal, arzikin da aka rubuta masa kuma ba zai ƙaru da saɓo ba.

Mai gudun damuwa yana buƙatar kunne kafin baki. A tambaye shi abin da yake ci masa tuwo a ƙwarya, a rufa masa asiri. An sha kawo wani sahabi gaban Annabi saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An tsayar masa da hukunci, amma ba a kore shi daga jama'a ba. Idan damuwar ta yi zurfi, zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau ba abin kunya ba ne, neman magani ne da shari'a ta yi umarni da shi.

Mai zafin kai kuwa, tausayinsa shi ne a raba shi da kuɗi. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana a danƙa dukiya a hannun wanda ba ya iya tattalinta, ta kuma yi umarni a ciyar da shi, a tufatar da shi, a gaya masa magana mai daɗi. Daga nan malamai suka fitar da babin hana wawa tasarrufi da dukiyarsa. A aikace, albashinsa ya riƙa shiga hannun wani amintacce da yardarsa, a fara cire cefane da haya, a mayar da shi ƙaramar waya marar intanet, a haɗa shi da likita.

Ga duk wanda ya yi niyyar tuba, sharuɗɗan sanannu ne: dainawa nan take, nadama, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙin mutane. Abin da ya ci na caca da yake hannunsa ya fitar da shi zuwa maslahar jama'a, kada ya ci. Abin da aka cinye masa kuwa ya yi masa jana'iza a zuciyarsa, domin muddin yana jin yana bin kamfanin caca bashi, igiyar tana wuyansa. Ya goge manhajar, ya rufe asusun, ya gaya wa mutum ɗaya da yake jin nauyinsa. Idan ya zame ya faɗi, ya tashi ya sake tuba, kada Shaiɗan ya ce masa ai ka riga ka lalace.

Kira na ƙarshe ga limaman masallatan Sharaɗa da Challawa da Bompai da unguwannin da suke kewaye da su: mutanen nan biyar suna bayanku a kowace sallah. Huɗuba a kan haramcin caca tana da kyau, a ci gaba da yi. Amma a ƙara da zama bayan sallah, inda mutum zai iya matsowa ya ce, Malam, ina da matsala, ba tare da tsoron gobe zai ji labarinsa a teburin mai shayi ba. Iyaye kuma su sani icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi; ɗari ɗayan da yaro ya fara sawa ita ce lokacin magana.

Allah Ya wadatar da mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya sanya albarka a gumin ma'aikatanmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya shirya mana zuri'a. Allah ne Mafi sani.